Wane Launi Ne Dokin Iliya?

A Tumfure, nan bakin hanyar Bauchi kafin mutum ya gangara cikin garin Gombe, ina da ɗa, ɗan ƙanena, wanda bai bar bayan littafin makarantarsa ko ɗaya fari ba. Duk shafin da malami bai taɓa ba, shi ya taɓa shi da biro. Mutanen da yake zanawa masu gashi ne tsaitsaye kamar ƙayar bushiya, masu dara-daran idanu, irin waɗanda yake gani a katun ɗin Japan cikin wayar yayansa. Wata rana bayan magariba, an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, sai na ba shi labarin Iliya Ɗan Maiƙarfi da ka, yadda na riƙe shi tun ina firamare. Ya saurara har ƙarshe ko motsi bai yi ba. Da na kai aya sai ya ce, "Baffa, shi wannan Kwalelen, baƙi ne ko fari? Ina so in zana shi."

Na yi shiru. Shekara da shekaru ina ɗauke da dokin nan a kaina, ban taɓa bukatar launinsa ba. Mai ba da labari da baki yakan ce "doki" ya wuce, kowane mai sauraro ya ɗaura wa nasa sirdi a zuci. Mai zane ba shi da wannan sauƙin. Kafin ya ɗaga alƙalami dole ya yanke ko akawal ne, ko kili, ko bidi, ko danda. Dole ya san irin linzamin, da ko mahayin rawani ya naɗa ko kwalkwali ya kifa. Tambayar yaron nan ita ce tambayar da ta haifar da wani fanni na nazari a jami'o'in duniya, wato binciken abin da ke faruwa da tsofaffin labaran jarumai idan aka mai da su littafin zane. Mu ma muna da namu tarihin a wannan fage, ya kuma fi tsawon yadda ake zato.

A fara da shi Iliyan. Yawancin waɗanda suka karanta littafin Ahmadu Ingawa a makaranta sun tashi suna ɗaukarsa Bahaushe ne gaba da baya, alhali asalinsa daga Rasha yake. Rashawa suna da tsofaffin waƙoƙin jarumai da suke kira bilina, waɗanda aka daɗe ana rerawa da ka tun kaka da kakanni, babban gwarzon cikinsu kuwa shi ne Iliya na Murom. Waƙoƙin sun ce ɗan manoma ne daga ƙauyen Karacharobo, ya shekara 33 a zaune ba ya iya tashi, har wasu matafiya masu ziyarar ibada suka zo ƙofar gidansu suka nemi abin sha, suka umarce shi ya miƙe ya kawo, ya kuwa miƙe. Daga nan ya nufi birnin Kiyef don ya yi wa Sarki Biladimir hidima. A hanya ya kama wani ɗan fashi da ke zaune kan itatuwa yana kashe mutane da fito. A wasu ruwayoyin, ƙarshensa dutse ya zama.

Biladimir mutum ne na gaske. Shi ya shigar da ƙasarsa addinin Kirista a 988, ya rasu a 1015. Amma maƙiyan da Iliya ke yawan karawa da su a waƙoƙin Tatar ne, su kuwa ba su auka wa Kiyef ba sai 1240, fiye da shekara 200 bayan mutuwar sarkin. Haka waƙar baka take: takan tattaro zamunna daban-daban ta zuba su a tukunya ɗaya. Sunan Iliya ya bayyana har a wata waƙar Jamusawa ta ƙarni na 13, ga kuma wata gawa a kogunan gidan ibada na Kiyef da cocinsu ya ce tasa ce. Waƙoƙin da kansu ba a Kiyef aka tsince su ba. Can arewa mai nisa, wajen tafkin Onega, Pabel Ribnikof ya same su a bakin manoma da masunta a shekarun 1860, sannan Alekzanda Hilfardin ya bi sawunsa a 1871, ya rubuta ɗaruruwa, ya koma a shekarar da ta biyo baya zazzaɓi ya kashe shi a hanya.

Su Rashawa an riga an amsa musu tambayar ɗana. Mai zane Biktor Basnetsof ya yi kusan shekara 20 yana aikin wani babban hoto na jarumai uku bisa dawakai, ya gama a 1898, yana nan rataye a Mosko. Iliya ne a tsakiya, kan ƙaton baƙin doki. A waƙoƙin, sunan da ake yawan kiran dokin da shi yana nuna launin ƙasa-ƙasa ne, amma yau ka tambayi yaro a Rasha, baƙi zai ce maka. Hoto ɗaya ya rinjayi bakin mawaƙa na ɗaruruwan shekaru. A riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a Zazzau.

Zuwan Iliya ƙasar Hausa yana cikin wani babban aiki da aka yi a Zariya. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Talifi, ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga gasar da aka shirya aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Mutanen nan ba da hannu wofi suka zo ba. Almajirai ne da suka sha karatun zaure, a zaure kuwa akwai Muƙamar Hariri, littafin da wani malamin Basra ya rubuta, wanda ya rasu a 1122, labarai 50 na wani mai ruwaya da ke ta cin karo da wani shaƙiyyin mai fasahar baki a gari bayan gari. Duk wanda ya san Muƙama, in ya ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke rabuwa suna sake haɗuwa, zai gane inda aka ɗebo ruwan. Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da labaran aku na Indiya, da tatsuniyoyin Turai. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi diddigin waɗannan labarai ɗaya bayan ɗaya ya nuna tushensu. Wasu sun ji zafin wannan bincike, kamar an rage wa Imam daraja. Ni ban ga ragi ba. Sanin inda aka sayo zare shi ke sa a gane gwanintar masaƙi.

A cikin wannan turba Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, zamanin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945. Biladimir ya koma Waldima, Kiyef ta koma Kib, doki ya sami sunansa Kwalele, fada ta koma irin fadar da Bahaushe ya sani, da gaisuwarta da kirarinta. Aikin ya kama ƙasa har sunan dokin ya fita daga littafi ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe shi ba. Labarin da masunta suka adana a bakin tafki mai ƙanƙara ya zama abin da yaran Gombe da Katsina ke yi wa juna tsiya da shi a filin wasa.

Sai aka zo mataki na gaba. Kamfanin buga littattafai na NNPC, wanda aka kafa a Zariya a 1966 da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan, ya fitar da Iliya da Ganɗoki a 1971 cikin sigar labarin zane, gida-gida, hoto na bin hoto. Da Turanci aka yi su. Wannan shi ne wurin da nake tsayawa kullum in yi tunani, don a nan aka ci riba aka kuma yi asara a lokaci guda. Ribar ita ce jaruman nan sun sami fuska, sun kuma isa hannun yaran da ba su jin Hausa. Asarar kuwa ta fi shafar Ganɗoki. Ƙarfin littafin Bello Kagara a harshe yake, a yadda tsohon mayaƙi ke zaunar da yara yana ba su labarin karonsa da Nasara, yana wasa kansa, magana na hawa kan magana kamar ganga. 'Yar da'irar da ake rubuta zance a cikinta bisa kan mutum a littafin zane ba ta ɗaukar fiye da 'yan kalmomi, balle a ce an juya su zuwa wani harshe. Takobi ya shiga zane lafiya lau, kirari ya tsaya a ƙofa. Akwai kuma littattafan Sauna, waɗanda da Hausa aka zana su, suka nuna cewa harshen yana zama daram cikin zane. Su barkwanci ne na zamani. Tsofaffin jarumai ba su sami irin wannan gatan ba.

Abin mamaki, garin da ake buga waɗannan littattafai shi ne garin da aka yi juyin fasahar zane mafi girma a Nijeriya. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cewa a haɗa dabarun waje da fasahar gida. Maɗaba'a na gefe ɗaya na gari, makarantar zane na ɗaya gefen, masana tarihi da na Hausa na tsakani. A ganina, da waɗannan ukun sun zauna tabarma ɗaya da gaske a shekarun 1970, da yau yaran Tumfure suna da nasu jerin littattafan da za su kwaikwaya.

Indiya ta yi hakan. A 1967 Anant Pai ya ga wata gasar kacici-kacici a talabijin, inda yaran Indiya ke amsa tambayoyi kan gumakan Girka amma suka kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama na almararsu. Ya kafa Amar Chitra Katha, jerin littattafan zane da suka kai ɗaruruwa, aka fassara su cikin harsunan ƙasar da dama. A Amurka tun 1937 Hal Foster ya fara Prince Valiant, labarin wani yarima a fadar Sarki Atta na almarar Ingila, a 1941 kuma Albert Kanter ya fara mai da tsofaffin littattafai zane, har da Dare Dubu da Ɗaya. Thor, da kamfanin Marvel ya fito da shi a 1962, daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai yake, waɗanda Snorri Sturluson ya rubuta a Aisilan wajen 1220. Shi kansa mai gashin bushiyar da ɗana ke zanawa, Goku na Dragon Ball da Akira Toriyama ya fara a 1984, jikan Sarkin Birai ne na wani littafin Sin na ƙarni na 16, wanda shi ma an gina shi kan tafiyar da wani malamin addinin Buda ya yi zuwa Indiya a ƙarni na 7. Yaron yana zana almara mai shekaru fiye da dubu bai sani ba.

Malaman jami'a sun daɗe suna yi wa irin waɗannan littattafai kallon kayan yara, kafin su dawo su gane cewa yawancin mutane ta nan suke fara sanin zamanin da. Yanzu a babban taron masana tsakiyar zamani da ake yi kowace shekara a Kalamazu ta Amurka akan ware zama don littattafan zane, an kuma rubuta littattafai sukutum a kai, kamar na Chris Bishop na 2016. Abin da suka gano ya fi neman kuskure zurfi, ko da yake kuskuren ma yana da daɗin sani. Tsofaffin labaran sun ba Thor jan gemu, Marvel ta aske shi ta ba shi farin gashi mai ruwan zinariya. Hular ƙarfe mai ƙaho da ake ɗora wa mayaƙan Baikin, ba su sa ta a yaƙi ba. Mai ɗinka kayan wasan kwaikwayon waƙa na Bajamushe Wagner ne ya yaɗa ta a 1876. Babban abin da suka gano shi ne, kowane zane na zamanin da yana ba da labarin zamanin mai zanen fiye da na jarumin. A Indiya ma masu nazari, irin su Karline McLain, sun duba yadda littattafan Pai suka tsara wa yara surar waye ɗan ƙasa na ƙwarai, an kuma daɗe ana sukar yadda jarumai ke fitowa da hasken fata, miyagu da duhu. Babu wanda ya rubuta wannan cikin kalma. Fenti ne ya faɗa.

Kada a ɗauka sa hoto a tsohon labari baƙon abu ne ga duniyar Musulmi. Muƙamar nan ta Hariri da ake karantawa a zaurukanmu, a 1237 wani mai suna Yahaya al-Wasiɗi ya kwafe ta da hannunsa ya kuma zana mata hotuna kusan 100, littafin yana ajiye yanzu a babban ɗakin karatu na Faransa. A cikinsa akwai ayarin mahajjata da tutoci da tambura, akwai garken raƙuma, akwai ɗakin karatu da littattafai jere a gurabe, akwai alƙali da masu ƙara, kowa da irin zamansa da nunin hannunsa. Bayan shekara 21 Mongol suka rushe Bagadaza, don haka yau masana tarihi na komawa ga hotunan Wasiɗi don su ga yadda mutanen Iraƙi na lokacin ke sutura da gini. Na san malamanmu suna da magana kan zana mai rai, saɓani ne tsoho, kuma ba a wannan rubutu za a warware shi ba. Abin da nake nunawa kawai, Muƙama ta iso mana da kalmominta, hotunanta suka tsaya a hanya. Hannun Bahaushe ya zuba fasaharsa a wasu wuraren: zayyanar Alƙur'ani, aska takwas a gaban riga, dagi a bangon soro. Mai zanen labari na yau yana da wannan taska a gabansa.

Yanzu a dawo gida, ga Sarauniya Amina ta Zazzau. Wace ce ita a takarda? Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000, ta shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo ta a Infaƙul Maisuri. Ruwayar Zazzau kuma ta mai da ita 'yar Bakwa Turunku, abin da ke kai ta ƙarni na 16. Tsakanin ruwayoyin akwai ratar fiye da shekara 100. Shi kansa Tarihin Kano, masana irin su Murray Last da John Hunwick sun nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi a sigar da muka sani. Babu ruwayar da ta siffanta fuskarta. Hoton da kowa ke ɗauka ita ce, mace bisa doki da takobi a zare, aikin masu fasahar ƙarni na 20 ne: zanen Erhabor Emokpae da ya hau kan sarki a 1975, da mutum-mutumin da aka kafa a Babban Gidan Wasa na Ƙasa a Legas. Abin da Basnetsof ya yi wa dokin Iliya, shi aka yi wa Amina.

A 2017 Roye Okupe, ɗan Nijeriya mai kamfanin YouNeek, ya fitar da Malika, littafin zane kan wata sarauniya mayaƙiya ta ƙasar Azzaz a ƙarni na 15. Juya sunan ka ji Zazzau. Bai ce tarihi yake rubutawa ba, ya sa dodanni da takubban sihiri a fili, aikin kuma ya yi kyau har kamfanin Dark Horse na Amurka ya ɗauki littattafansa. Claude Opara ma ya mai da labarin Bayajidda littafin zane. Ina jinjina musu, sun ga daraja a abin da muka bari a ƙasa. Amma duk da Turanci aka fara su, kamar dai na 1971, kuma mai ido zai so a ce wani ya zauna da masu zanen ya buɗe musu Tarihin Kano. A ciki aka ce Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. A ciki aka ce kakaki da figini na zamanin Muhammadu Rumfa ne, 1463 zuwa 1499, shi da kasuwar Kurmi. Ke nan wanda ya zana Bagauda, Sarkin Kano na farko, ana busa masa kakaki ya yi tsallen kusan shekara 500. Yana da 'yancin yin tsallen, amma gara ya yi shi da saninsa.

Labarin Bayajidda ya fi kowanne nuna nauyin da ke kan mai zane. Kowa ya san zubinsa: ɗan sarki daga Bagadaza, zama a Barno, gudu da matarsa, barinta a Garun Gabas, maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, tsohuwa Ayana, rijiyar Kusugu da macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, auren Daurama, haihuwar Bawo da Karɓagari. Masana sun yi ta kai da kawo a kansa. Hallam, a 1966, ya bi ra'ayin da ke danganta sunan da Abu Yazidu, ɗan tawayen nan mai jaki da ya yaƙi Fatimawa a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947. Abdullahi Smith, a 1970, ya ce a daina neman tushen sarautun Hausa a wurin baƙo guda, a dubi yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, saboda noma da ƙira da kasuwa. Wasu sun lura cewa maciji mai tsare ruwa da jarumin da ya sare kansa suna nan a labarin Wagadu na mutanen Soninke, kamar yadda yaron da ya kasa tafiya sannan ya miƙe ya zama gwarzo yake a labarin Sunjata na Mali, wanda Will Eisner ya zana, yake kuma a labarin Iliya.

A takardar ilimi ana iya jera waɗannan ra'ayoyi a bar mai karatu ya auna. Gidan zane ɗaya ba ya ɗaukar ra'ayi biyu. In ka zana Bayajidda fari sol da dogon hanci, mutanen Daura kuma baƙaƙe sun durƙusa suna kallonsa, ka riga ka gaya wa yaro cewa wayewa daga waje aka kawo mana ita. In ka zana Daura da ganuwarta da maƙeranta da fadar sarauniya mai tsari, baƙo ya shigo da ƙura a ƙafa yana neman ruwan dokinsa, ka ba da wani labarin dabam, kuma shi ya fi kusa da abin da ruwayar kanta ta ce, don ai ya tarar da gari da sarauta.

Mu a Gombe akwai inda abin ya fi matso mu. Labarin Bayajidda ya ƙare da rabon ƙasashe gida biyu, Hausa Bakwai da Banza Bakwai, cikin na biyun kuwa har da Kwararrafa. A Tarihin Kano, Kwararrafa su ne maƙiyan da ke tasowa daga kudu, waɗanda suka kai har cikin birnin Kano a ƙarni na 17. To Tumfure a ƙaramar hukumar Akko take, a cikin Akko ɗin nan kuma Pindiga take, tsohon garin Jukunawa, masu alfahari da gadon Kwararrafa. Ajin da ɗana ke zama akwai Bafulatani da Batangale da Batere da Bawaje da Babole da Bajukune da Bahaushe, Hausa ce ta haɗa su a filin wasa. Ranar da wani zai zana yaƙin Kano da Kwararrafa ya kawo wannan aji, wace fuska zai ba mayaƙan kudu? In ya bi hanyar da ta fi sauƙi, ya yi su da jajayen idanu da haƙora waje, to kakannin yaron da ke benci na biyu ya zana. Wannan ba matsalar da gwanintar hannu ke warwarewa ba ce. Tana bukatar wanda ya san cewa Tarihin Kano daga fadar Kano aka rubuta shi, ya kuma je Pindiga ya ji yadda su suke ba da nasu.

Kayan aikin suna kusa. Ga Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ga ta Tarayya a Kashere tun 2011, a cikin Akko ita ma. Ga labaran da ba a taɓa ba: tafiyar Buba Yero da kafa Gombe Abba, dutsen Bima da abin da aka daɗe ana faɗa a kansa game da Mahadi, da Bormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi ranar 27 ga Yuli, 1903, yaƙin da ya rufe zamanin da Ganɗoki ke ba yara labarinsa. Masu sauraro ma suna nan, duba yadda ake sayen littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ake kuma sauraronsu a waya dare da rana. Abin da nake fata in gani shi ne ɗalibin tarihi da ɗalibin Hausa da yaro mai biro sun zauna kan shafi ɗaya, da Hausa, har a samo yadda kirari zai shiga zane, ko da zai ci shafi guda shi kaɗai, a rubuta shi da manyan baƙaƙe yana kewaye mahayi kamar zayyana.

Daren nan dai na gaya wa yaron abin da na sani: cewa wani mai zane a Mosko ya yi shi baƙi, mawaƙan da suka riga shi kuma sun ce ƙasa-ƙasa ne. Na lissafa masa launukan dawaki da sunayensu na Hausa, yana maimaitawa. Da safe kafin ya tafi makaranta ya kawo mini littafin lissafinsa a buɗe ta baya. Ya zaɓi danda, ya yi masa dabbare-dabbare da shuɗin biro, ya sa masa lifidi har gwiwa kamar na hawan sallar Sarkin Gombe. Iliya na bisa, da rawani, amma gashin bushiyar nan ya leƙo ta ƙarƙashinsa. A gefe ya ja layin gida na biyu ya bar shi fari.

"Baffa," ya ce, "garin Kib ɗin, ganuwarsa ta ƙasa ce ko ta dutse?"